Babi na Tara: Mayarwa da Sokewa

A cikin ɗaruruwan umarnin da furosesar Intel da ta AMD ke ganewa, akwai guda biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa. Na farko lambarsa 0F 08, sunansa INVD. Na biyu lambarsa 0F 09, sunansa WBINVD. Tagwaye ne, tare suka zo a cikin furosesa 80486 da Intel ya fitar a 1989, kuma har yau suna nan da lambobinsu. Aikin kowannensu share ma'ajiyar kusa ta furosesa, wadda masu sana'ar ke kira kash. Na biyun yakan tsaya tukuna ya kwashe duk sabon abin da aka rubuta a kash ya mayar da shi babbar ma'ajiya, sannan ya share. Na farkon ba ya tsayawa. Sharewa kawai yake yi, abin da ya tafi kuwa ya tafi ke nan.

Mai rubuta manhajar waya ko ta lissafin albashi zai iya yin shekara talatin a bakin aiki bai taɓa kiran ko ɗaya daga cikinsu ba. Ko ya kira ma furosesa ba za ta amsa masa ba, nan take za a dakatar da manhajar tasa. Kanel kaɗai aka yarje wa, wato cibiyar babbar manhaja, wanda yake raba lokaci da wuri tsakanin sauran manhajoji. Tun ranar da na fara cin karo da tagwayen nan tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai: me zai sa maƙeri ya saka wa na'urarsa maɓallin da zai zubar da aikin da ta riga ta gama?

Asalin maganar gudu ne. Furosesa mai gigahaz 3 tana bugawa sau biliyan 3 a daƙiƙa guda. Tsakanin bugu da bugu, haske kansa bai wuce tafiyar santimita 10 ba. Babbar ma'ajiya, wato RAM ɗin nan da mai sayar da waya ke yi maka tallar girmanta, ba ta da wannan ƙafar. Idan furosesa ta aika mata tambaya, sai ta yi jiran bugu 200 zuwa 300 kafin amsa ta iso. A ƙaddara kowane bugu daƙiƙa ɗaya ce. Abin da ke cikin kash na farko za a miƙo maka shi a daƙiƙa 4 ko 5, na RAM kuwa sai ka nemi wuri ka zauna na minti uku zuwa biyar.

Maurice Wilkes na Jami'ar Kambirij a Ingila ya rubuta wata gajeriyar takarda a 1965 inda ya ba da shawarar a ajiye ƙaramar ma'ajiya mai sauri kusa da furosesa, ta riƙa riƙe kwafin abin da ake yawan nema. A 1968 IBM ya sanar da kwamfutarsa System/360 Model 85 da ke ɗauke da wannan dabara. Kalmar kash daga Faransanci ta fito, tushenta ɓoyewa, kuma sunan ya dace da mai shi, domin an ƙera shi ne yadda manhaja ba za ta ma san yana nan ba. Wani abu game da halinsa: ba ya ɗaukar bayit ɗaya-ɗaya. Ko bayit guda ka nema, zai ɗebo shi haɗe da maƙwabtansa a dunƙule, abin da ake kira layi. A yawancin furosesar yau layi bayit 64 ne. Ka riƙe wannan lamba, za ta dawo.

Karatu daga kash ba shi da wata rigima. A wajen rubutu gizo ke saƙa.

Ka ɗauki babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Kundin lissafinsa yana ofis a saman bene, yaronsa yana bakin shago da ɗan littafin aljihu da ya kwafo farashi da yawan kaya a ciki. An sayi bandir biyar na shadda. Yaron yana da zaɓi biyu. Ko dai ya gyara littafinsa ya ruga sama ya gyara kundi nan take, ko ya gyara littafin kawai, ya ɗiga alama a gefen shafin, ya bar hawan bene sai lokacin da yake buƙatar shafin don wani abu dabam. 80486 ta farko, da kash ɗinta na kilobayit 8, hanyar farko take bi: duk rubutu sai ya wuce har RAM. Pentium ta 1993 ta iya ta biyu, kuma ita ce hanyar da kusan kowace furosesa ke bi yanzu, saboda wanda zai gyara lamba ɗaya sau dubu gara ya hau bene sau ɗaya. Layin da aka ɗiga wa alamar nan, wanda aka canza amma ba a kai rahotonsa ba, injiniyoyi suna ce masa mai dauɗa. Ni na fi ganinsa a matsayin layi mai bashi: RAM tana binsa labari.

Daga ranar da aka karɓi wannan hanya, kundi ya daina zama gaskiyar shago. A kowane lokaci wani ɓangare na RAM tsohon labari yake ɗauke da shi, sabon yana aljihun yaro. Saɓanin kuwa iri biyu ne, kuma kowanne da maganinsa. Idan kash ya fi RAM sabon labari, maganin mayarwa: a juye layin zuwa RAM. Idan RAM ce ta fi kash sabon labari, maganin sokewa: a yaga shafin, don gobe in an nema dole a hau sama a kwafo sabo. Wanda ya soke inda ya kamata ya mayar ya zubar da cinikin yini. Wanda ya mayar inda ya kamata ya soke ya shafe sabon labari da tsoho. A duka biyun babu ƙararrawar da za ta kaɗa, na'ura za ta ci gaba da aiki da ƙaryar da aka bar mata.

Mai karatu zai ce, to ai furosesar yau ƙwaya takwas ce ko fiye, kowace da nata kash, yaya suke ƙarewa? Wannan ɓangaren an ɗauke wa kanel nauyinsa. Ƙwayoyin suna sauraron juna. Idan ɗaya za ta rubuta a layi, sai ta sanar da sauran su soke nasu kwafin, idan kuma wata ta nemi layin da ke da dauɗa a hannun 'yar'uwarta, daga can za a miƙo mata. Tsarin da ya fi shahara, MESI, Mark Papamarcos da Janak Patel na Jami'ar Ilinoi a Amurka suka wallafa shi a 1984. Yaran shago ɗaya ne, suna jin maganar juna. Matsala tana farawa ne idan baƙo ya shigo.

Baƙon da ba ya tambayar yara

Katin sadarwa, faifan ajiya, kyamara, na'urar sauti, duk suna da damar karantawa da rubutawa a RAM kai tsaye ba tare da sun bi ta furosesa ba. Ana kiran wannan DMA, kuma ba don shi ba da furosesa ta ƙare rayuwarta a dako. Kamar direban da ya kawo kaya ne, ya wuce yaran da ke bakin shago, ya hau sama ya rubuta a kundi da hannunsa cewa bandir ɗari sun shigo, ya kama hanyarsa.

A kwamfutocin Intel da AMD an sa wa ƙofar mai gadi. Duk shigar baƙo RAM, sai an leƙa kash an daidaita, saboda haka kanel bai cika damuwa ba. Amma a yawancin ƙananan furosesa na gidan ARM da MIPS, irin waɗanda ke cikin rauta, dikoda, kyamarar tsaro da wayoyi masu yawa, akwai na'urorin da ke shiga ba mai gadi, domin gadin yana cin wuri a jikin guntun kuma yana shan batir. Wayoyin Tecno, Infinix da itel da suka cika kasuwar Farm Centre a Kano duk zuriyar ARM ce ke cikinsu, kuma waɗanda ke da Android a cikinsu kanel ɗin Linux ne ke juya su. Inda babu mai gadi, kanel ne mai gadi.

ARM ya ba shi kayan aiki masu kaifi, kowanne yana aiki a kan layi guda. DC CVAC yana mayarwa, DC IVAC yana sokewa, DC CIVAC yana yin duka biyun. Idan za a aika saƙo waje, furosesa ta shirya shi a kash, to kafin a ce wa katin sadarwa ya ɗauka sai a bi layukan ɗaya bayan ɗaya a mayar da su, in ba haka ba katin zai kwashi abin da ke RAM tun jiya ya watsa wa duniya. Idan saƙo ne zai shigo, aikin ninki biyu ne. Kafin katin ya fara rubutu, a tabbatar babu layi mai dauɗa a kan wurin, kada ya faɗo daga baya ya danne abin da aka kawo. Bayan ya gama, a soke layukan. Wannan na biyun yana ba sabon shiga mamaki: ai ban taɓa wurin ba, me zan soke? Furosesar zamani tana da rawar kai, takan yi hasashen abin da za a nema ta ɗebo shi tun ba a tambaye ta ba. Tana iya ɗebo layin a tsakiyar rubutun katin, rabi sabo rabi tsoho, ta ajiye tana jira.

Ga kuskuren da na fi so ɗalibi ya zauna da shi har ya gan shi da idon zuci. Mai rubuta direban na'ura, wato manhajar da ke sarrafa ta, ya keɓe bayit 40 inda na'ura za ta zuba saƙo, dab da su kuma ya ajiye ɗan ma'auni na bayit 4 da ke ƙirga saƙo nawa suka shigo. A takarda abu biyu ne dabam. A wurin kash kuwa 44 bai kai 64 ba, layi ɗaya ne. Na'ura ta fara zuba saƙonta a RAM. Ana cikin haka furosesa ta ƙara ɗaya a ma'aunin. Don ta yi hakan sai da ta ɗebo layin gaba ɗayansa, har da bayit 40 ɗin da ba a gama cikawa ba, yanzu kuma layin ya yi dauɗa. Na'ura ta gama. Idan aka mayar da layin, tsohon bayit 40 zai hau kan sabon saƙo ya shafe shi. Idan aka soke shi, saƙo ya tsira amma ƙirgar ta ɓata. Gaba kura, baya sayaki. Babu umarnin da zai fitar da kai, domin tun wajen zaman aka yi kuskure. Kuma ba kullum abin zai faru ba, sai ranar da lokutan biyu suka yi kiciɓis, wataƙila sau ɗaya a saƙo miliyan, a hannun mai saye, ba a ɗakin gwaji ba.

Saboda wannan tsoro ne Linux na ARM mai bit 64 ya shekara da shekaru ba ya ba da yankin ma'ajiya ƙasa da bayit 128 daga babban rumbun kanel, ko da bayit 8 ka roƙa. Asarar wuri ce, an sani, amma ta fi asarar saƙo. Sai a 2023 aka sassauta, bayan an samo hanyar karkatar da ƙananan saƙonni ta wani wuri na musamman.

Abin da ya fi burge ni a yadda Linux ya warware wannan shi ne bai bar wa masu rubuta direba zaɓin umarni ba. Tambaya ɗaya ya ɗora musu: yanzu wurin nan a hannun wa yake? Idan ka kira dma_map_single ka miƙa wa na'ura, ka kuma faɗi inda kaya suka nufa, ko zuwa gare ta ko daga gare ta. Daga nan hannunka ya fita, ko leƙe ba naka ba ne, har sai ka karɓo da dma_unmap_single ko dma_sync_single_for_cpu. A kwamfutar da ke da mai gadi waɗannan kira kusan ba sa yin komai a kan kash. A wadda ba ta da shi, a nan ne ake mayarwa da sokewa. Amana ce ake bayarwa ake karɓa, kuma mutum ya fi iya riƙe ƙa'idar amana a kansa fiye da jadawalin umarni goma.

Wayar da ta manta rabin aikinta

Akwai baƙo na biyu, shi kuwa ɗan gida ne. Kowace ƙwaya kash biyu take da su a matakin farko, ɗaya na bayanai, ɗaya na umarni. Manhajoji irin su burauza suna ƙirƙirar sabon umarni suna cikin gudu, su rubuta shi a ma'ajiya sannan su ce wa furosesa ta bi shi. Rubutun ta kash na bayanai yake shiga, karatun kuma ta kash na umarni yake fitowa. A Intel da AMD na'ura ce ke daidaita su. A ARM sai an yi da hannu: a mayar da layin bayanai da DC CVAU, a tsaya a tabbatar ya isa, a soke layin umarni da IC IVAU, a sake tsayawa, sannan a sa ƙwayar ta zubar da duk umarnin da ta riga ta ɗebo. Kuma ana bin wurin ne layi-layi, saboda haka dole a san faɗin taki.

A 2016 masu kula da Mono, wani dandalin gudanar da manhaja, suka fara samun rahoton manhajoji suna faɗuwa haka kawai a wayar Galaxy S7, amma sai mai ɗauke da furosesa Exynos 8890. Mai ɗauke da Snapdragon lafiyarta lau. Saƙon faɗuwar yana cewa an ci karo da umarnin da ba shi da ma'ana, amma in an je an duba wurin sai a tarar da umarni lafiyayye yana zaune. Abu kamar aikin aljanu. Abin da ya buɗe musu ido shi ne da suka jera adireshin wuraren da ake faɗuwa. Dukkansu sun faɗa a rabi na biyu na kowane yanki mai bayit 128, ba a taɓa samun ɗaya a rabin farko ba.

Furosesar ƙwaya takwas ce, huɗu manya ƙirar Samsung don aiki mai nauyi, huɗu ƙanana Cortex-A53 don tattalin batir. Manyan suna faɗin cewa layinsu bayit 128 ne, ƙananan 64. Ɗan aikin da ke share kash, wanda ke zuwa tare da GCC, manhajar da ke juya rubutun masu manhaja zuwa umarnin furosesa, yakan tambayi faɗin layi sau ɗaya kawai, ya haddace. Idan ranar farko a kan babbar ƙwaya ya yi tambayar, ya riƙe 128. Can kanel ya matsar da manhajar zuwa ƙaramar ƙwaya, ɗan aikin ya ci gaba da takinsa na 128 a gonar da kunyarta 64 ce. Ya share layi, ya tsallake layi. Wanda aka tsallake yana nan da tsohon umarni, ƙwayar ta ɗauka ta bi, ta faɗi. Mai bincike in ya zo dubawa ta kash na bayanai yake kallo, can kuwa komai daidai.

Mutanen Mono sun wallafa labarin a watan Satumba na shekarar, masu wasu manhajojin ma suka ce abin ya same su. Gyaran da ya kashe maganar daga kanel ya fito. Daga Linux 4.9, idan ya lura ƙwayoyin na'ura sun saɓa a faɗin layi, sai ya tare tambayar kafin ta isa ga ƙwayar, ya amsa da kansa da mafi ƙanƙantar lamba. Wanda ya taka 64 a inda 128 zai isa ya ɗan ɓata lokaci ne kawai. Babu wanda ya yi ganganci a wannan labari. Mai rubuta ɗan aikin ya yi zaton da ya kasance gaskiya a duk na'urorin da ya sani, sai duniya ta canza a ƙarƙashinsa.

Kan mai uwa da wabi

Mu koma kan tagwayenmu. Tunda Intel da AMD suna da mai gadi, ina amfanin WBINVD? Ana kiransa ne a lokutan da ƙa'idar wasan kanta za ta canza. Idan kanel zai sauya rajistar MTRR, wadda ke faɗin wane yanki na ma'ajiya aka yarda a riƙe a kash, littafin Intel ya tsara matakai: a tsayar da dukkan ƙwayoyi, a hana sabon abu shiga kash, a kira WBINVD, a yi canjin, a sake kira, sannan a buɗe. Idan kwamfuta za ta yi barcin da ake yanke wa furosesa wuta a bar RAM kaɗai a kunne, dole a biya duk bashi kafin a kashe fitila, domin kash ba ya riƙe komai in babu lantarki. Sai kuma fasahar SEV ta AMD, wadda ke kulle ma'ajiyar kowace kwamfutar haya da mabuɗinta. A wasu zuriyar furosesar, layin da aka rubuta da wani mabuɗi kash ba ya gane cewa wuri ɗaya ne da wanda aka rubuta da wani. Idan mai haya ya tashi aka ba wa wani ɗakin, tsohon layi mai dauɗa yana iya faɗowa daga baya ya ɓata wa sabon mai ɗaki kaya. Saboda haka Linux ya riƙa kiran WBINVD a dukkan ƙwayoyi kafin ya karɓi wurin.

Tsadarsa ba kaɗan ba ce. A zamanin kilobayit 8 layuka kaɗan ne za a bi. Ryzen 7 5800X3D ta 2022 tana da megabayit 96 a matakin kash na uku, wato layi sama da miliyan ɗaya da rabi. WBINVD ba ya tambayar na wa ne, kan mai uwa da wabi yake yi, kuma ƙwayar da ke aiwatar da shi ba ta sauraron kowa sai ta gama. Bayan ya wuce ma ba a huta ba, kowace manhaja za ta tarar da aljihunta wayam, ta koma hawan bene. A na'urar da ke juya injin masana'anta, inda jinkiri kaɗan ke da hatsari, wannan babban abu ne. Shi ya sa tarihin umarnin nan duk ƙoƙarin rage faɗin duka ne. CLFLUSH ya zo da Pentium 4 a 2000, yana korar layi guda. CLFLUSHOPT ya zo da furosesar Skylake a 2015, ana iya jera da yawa ba sai ɗaya ya jira ɗaya ba. CLWB yana mayarwa ba lalle ya kori layin ba, an yi shi ne musamman don ma'ajiyar da ba ta mantuwa in an ɗauke wuta, irin Optane da Intel ya sanar da janye hannu daga kanta a 2022. Umarnin ya rayu bayan kayan da aka yi shi dominsa.

INVD kuwa yana da gida ɗaya da na sani ya dace da shi. Lokacin da aka danna maɓallin kunna kwamfuta, RAM ba ta aiki tukuna, sai an daidaita ta. Amma manhajar da za ta daidaita ta tana buƙatar wurin ajiye lissafinta. Dabarar da coreboot da sauran manhajojin tada kwamfuta ke yi ita ce su mai da kash kansa ya zama RAM ta wucin gadi. Idan ta gaskiyar ta tashi aka kwashe abin da ake so, abin da ya rage a kash shara ce da ba ta da gurbi a ko'ina, mayar da ita ɓarna ce. A nan ake kiran INVD. Ban da wannan wuri, kusan kowa gudunsa yake. KVM, ɓangaren Linux mai gudanar da kwamfutocin haya, idan ɗan haya ya kira INVD sai ya tsallake shi kamar ba a faɗa ba, don ba zai bar ɗan haya ɗaya ya zubar da rubutun maƙwabta ba. ARM ma, da ya yarda manhajar yau da kullum ta kira DC CIVAC in kanel ya buɗe mata, bai taɓa ba ta DC IVAC ba. Gidajen biyu sun yi ittifaƙi: sokewa zalla a kash na bayanai ba ta fita daga hannun kanel.

CLFLUSH ne aka sakar wa kowa, da tunanin ba ya ɓata komai tunda yana mayarwa kafin ya kora. A 2014 aka ga abin da ke ƙarƙashin wannan tunani har sau biyu. Yuval Yarom da Katrina Falkner na Jami'ar Adeled a Ostireliya sun nuna cewa ɗan leƙen asiri zai iya korar wani layi, ya ɗan jira, ya sake nemansa yana auna lokaci. In ya zo da sauri, wani ya taɓa shi a tsakani. Da wannan kaɗai suka tsinto mabuɗin sirri daga manhajar GnuPG. A shekarar kuma Yoongu Kim da abokan aikinsa na Jami'ar Carnegie Mellon, tare da masu bincike na Intel, suka nuna cewa in aka yi ta karanta wuri ana korarsa daga kash, ana tilasta wa RAM amsawa ba hutu, bit na wurin da ke maƙwabtaka da shi a cikin RAM yana iya juyewa da kansa. A 2015 masu binciken tsaro na Google suka yi amfani da hakan suka ƙwace ikon kanel, har kamfanin ya hana CLFLUSH a cikin manhajarsa Native Client. Kash da aka ƙera don kada a san yana nan, agogo ya tona masa asiri.

Wayar da ke aljihunka tana yin wannan aiki ba dare ba rana. Duk sanda wata ƙwaya ta rasa abin yi na ɗan lokaci, kanel yakan roƙi manhajar ƙasa ta yanke mata wuta don batir ya kai yamma. A sababbin ƙwayoyi irin Cortex-A55, na'ura ce ke kwashe kash da kanta. A Cortex-A53, wadda har yanzu ke cikin wayoyi masu sauƙin kuɗi ba adadi, da hannu ake yi, kuma jerin yana da muhimmanci. Da farko a hana sabon abu shiga kash, domin in aka fara da shara, layi na iya yin dauɗa a bayan tsintsiya. Sannan a bi kash ɗin gurbi-gurbi ana mayarwa ana sokewa. Sannan ƙwayar ta fice daga zauren sauraron 'yan'uwanta. Sai dai manhajar da ke wannan aiki ita ma tana da ɗan wurin da take ajiye nata lissafin, kuma shi ma ta kash ya bi. A cikin Trusted Firmware na ARM, kafin ƙwayar ta rufe ido, ana raba wannan ɗan wuri gida biyu daidai inda aiki ya tsaya. Ɓangaren da ke ɗauke da abin da za a buƙata a mayar da shi RAM, ɓangaren da ba a kai gare shi ba a soke shi, sannan a ba da izinin yanke wuta.